Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a gwajin kimiyya

A shekarun da na yi ina duba ayyukan ɗaliban sakandare a nan Sakkwato, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya shiga gwaji da amsarsa a aljihu. "Malam, ai kowa ya san takin zamani ya fi na dabbobi." To, in kowa ya sani, gwajin na mene ne? Hasashe ba hukunci ba ne. Rubuta shi kafin ka taɓa komai, ka kuma rubuta abin da in ka gan shi za ka yarda hasashen naka bai ci ba.

Sai kuma canza abu biyu a lokaci guda. Wata ɗaliba ta shuka albasa a tukwane biyu, ɗaya da takin zamani, ɗaya da kashin awaki. Sai dai ta farkon tana gindin dogonyaro, ta biyun kuwa tana tsakar gida, cikin ranar Afrilu da kan haura digiri 40. Ta biyun ta ƙone, yarinya ta ɗora wa kashin awaki laifi. Taki ne ko rana? Ba mai iya rantsuwa. Gyaran shi ne ƙasa ɗaya, iri ɗaya, wuri ɗaya, ruwa da gwangwani ɗaya. Taki kaɗai ya bambanta. A kuma ajiye wadda ba a sa wa taki ko kaɗan ba, don da ita za a auna sauran. Tukunya ɗai-ɗai ma ta yi kaɗan, kaza ɗaya ta isa ta ɓata aikin wata guda. A yi biyar-biyar.

Wannan dabarar ba ta yau ba ce. A 1747 likita James Lind ya ɗauki ma'aikatan jirgin ruwa 12 masu ciwon da ke sa dasashi zubar jini, ya ajiye su wuri ɗaya a kan abinci ɗaya, ya kasa su biyu-biyu, kowane kashi da nasa magani. Waɗanda suka sha lemon zaƙi da na tsami su ne suka fi samun sauƙi. Da ɗalibina ne, da na ce masa biyu-biyun nan sun yi kaɗan.

Wani tarkon shi ne ganin abu biyu sun zo tare a ce ɗaya ya haifi ɗaya. Har gobe akwai masu cewa sabuwar masara ce ke kawo zazzaɓi. Damina ce ta kawo masarar, ita ce kuma ta cika kududdufan da sauro ke hayayyafa. A 1897 likita Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Kafin ka yanke hukunci, nemi abu na uku da ya haɗa su.

"Ya ɗan girma" ba awo ba ne. Sa rula, rubuta santimita da kwanan wata nan take, ba sai an koma gida ba. In wata tukunya ta saɓa wa sauran, kada ka goge lambarta don jadawalin sakamakonka ya yi kyau. Bar ta, ka rubuta abin da ka lura da shi a gefenta, sannan ka sake shuka wata.