Yadda na ceto dashen tumatir ɗina a Nima

A gwangwanin madara na shuka tumatir, na ajiye shi cikin ɗakina nan unguwar Nima ta Accra. Bayan mako 3 ganyen ƙasa suka koma rawaya, suka langaɓe. Na ɗauka ƙishirwa ce, na shiga zuba ruwa safe da yamma. Ashe ni ke kashe shi.

Hajiyar gidanmu ce ta leƙo ta ce, "Ɗana, ɗaga gwangwanin nan ka duba gindinsa." Ko huji ɗaya babu! Da na zazzage ƙasar, ta yi caɓal tana warin kwata, rabin saiwar ta yi ruwan ƙasa, tana narkewa a yatsa. Lafiyayyar saiwa fara ce. Ita ma tana buƙatar iska. In ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, ta kasa jan ruwan, shi ya sa ganye ke yaushi alhali ƙasa jiƙe take.

Na datse ruɓaɓɓiyar, na huda gwangwanin da ƙusa, na cakuɗa sabuwar ƙasa da yashi, na mayar da shi bakin taga. Yanzu sai na tsoma yatsa na ji sama ta bushe nake ba shi ruwa. Rawayen ganyen dai ba su farfaɗo ba, na tsinke su, amma sabon tsiron kore shar ya fito.