Lissafin ƙarshen shekara ga mai son ajiye aiki ko fita waje

Duk wanda zuciyarsa ke raya masa ya ajiye aiki ya shiga kasuwa, ko ya tattara ya bar ƙasar, to Disamba ne watan zama da biro da takarda. Manyan hidindimu na jere a gaba: kuɗin makarantar yara na zango na biyu a Janairu, sabunta haya ga wanda shekararsa ta cika, ga azumi da Sallah da ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Wanda ya miƙa takardar ajiye aiki bai lissafa waɗannan ba, kafin ya farga jarin ya narke a cefane.

Fara da sitatimen, wato bayanin shige da ficen kuɗi, na wata 12 daga kowane asusu da kake amfani da shi, har da na waya irin su OPay da Moniepoint. Ka ware shafi uku a littafi: abin da ya shigo, hidimar dole, da sauran kashe-kashe. A shafin dole ka sa haya bayan ka raba ta 12, abinci, makaranta, wuta, mai ko kuɗin adaidaita, magani, da abin da kake kai wa iyaye. Inda lissafin ke karkacewa wuri biyu ne. Kuɗin da aka ciro a POS ba sa nuna inda suka tafi, sai ka zauna da uwargida ku tuno tare. Sai gudummawar biki da suna da dubiya, wadda mutane ke jefawa cikin "sauran kashe-kashe" alhali a Kano babu watan da ba ta zuwa. Mayar da ita shafin dole.

Daga nan ka raba ajiyarka da hidimar dole ta wata guda. Misali, in hidimar Naira 150,000 ce, ajiyar kuma 600,000, wata 4 za ka iya ɗauka ba albashi. Ajiya a nan tana nufin abin da zai zama kuɗi a hannunka cikin mako guda. Filin da ka saya a bayan gari ba ya ciki, haka bashin da kake bin abokinka, haka adashin da bai zo kanka ba. In amsar ta gaza wata 6, shekara mai zuwa ta tari ce, maganar ajiye aiki sai gaba.

Mai son sauya sana'a ya gwada ta alhali albashi na shigowa. In Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar waya ta Farm Centre kake hari, nemi wani babba da ya yarda da kai ka riƙa zama a shagonsa ranakun da ba ka zuwa ofis, na kamar wata uku. Ka zuba ido kan abin da mai wucewa ba ya gani: nawa ake fitarwa bashi, yaushe ake biya, wane kaya ne ke yin kwantai, nawa ke tafiya a haya da dako da sallamar yaran shago. Idan lokacin zuba jari ya yi, kar ka juye shi duka a kaya. Sabon ɗan kasuwa ya fi karyewa a sarin farko, ya cika shago da abin da shi ke so, sannan ba shi da kuɗin saro abin da masu saye ke tambaya. Mai son sana'ar kwamfuta kuwa, akwai horo kyauta irin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, sai dai kwamfutar da data da wutar caji duk daga aljihunka ne. Ma'aunin ɗaya ne a ko'ina: shin wani wanda ba ɗan'uwanka ba ya taɓa biyanka kuɗi a kan wannan aikin?

Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, karanta yarjejeniyar ɗaukarka. Dokar ƙwadago ta sa sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa 5, wata guda ga wanda ya kai shekara 5, amma wasu wuraren sun rubuta fiye da haka, kuma in ka gaza za a cire daga haƙƙinka. Ka haɗa takardar ɗauka, ta ƙarin girma, da takardun albashi na wata 6 tun kana ciki, domin bayan ka fita kowane sa hannu sai ka yi zarya. In akwai rancen banki a kan albashin, ka tambayi ragowarsa a rubuce. Ma'aikacin gwamnati ya fara bincikar hutu ba albashi ko hutun ƙaro ilimi. Game da fansho, a tsarin dokar 2014 wanda bai kai shekara 50 ba, ya bar aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Ma'aikatan jihar Kano tsarinsu daban ne, sai su tambaya a hukumar fansho ta jiha.

Fita waje kuwa aikin takardu ne, kuma wasu takardun da wa'adinsu, don haka jerin da aka bi wajen neman su shi ke raba wanda ya yi asara da wanda bai yi ba. Abu na farko suna. Ɗauko NIN, BVN, sakamakon WAEC ko NECO da shaidar digiri ka jera su. A nan 'yan Arewa ke yawan maƙalewa: Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, sunan unguwa ko na gari ya zama sunan mahaifi a ta uku, ranar haihuwa ta sha bamban. Fasfo daga bayanan NIN yake ɗauka, saboda haka NIN ake fara gyarawa, kuma gyaran kan ci makonni. Kuɗin fasfo a cikin Najeriya tun 1 ga Satumba 2025 Naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara 5, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. Ka biya da kanka a shafin hukumar shige da fice.

Bayan suna sai tiranskirif, wato cikakken sakamakon karatunka, daga jami'a, don shi ne mafi jan lokaci kuma ba ya lalacewa. In ƙasar na son a tantance takardun karatu, ana bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Masu wa'adi su ne a ƙarshe. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 yake yi. Gwajin tarin fuka da Birtaniya ke nema wata 6 kacal, kuma sai a cibiyar da suka amince da ita. Bizar karatu ta Birtaniya na son kuɗin makaranta da na zama da za ka nuna su kwana 28 a jere a asusu ba su taɓa sauka ƙasa da adadin da ake nema ba, ko na yini guda. Masu aron kuɗi su zuba a cire bayan mako, asarar kuɗin biza kawai suke yi. Mai iyali ya lura: tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa tafiya da mata da yara, in ban da masu karatun bincike, kuma a Yulin 2025 an rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje. Duk ejan da ke tallar wannan hanyar yau, ka riƙe kuɗinka.

Lissafin tafiya da kuɗin ƙasar ake yinsa. Wanda ya tara Naira a farkon 2023, lokacin da farashin hukuma ke wajen 460 a dala, ya ga abin da ya faru da ta haura 1,500 a 2024. Ka rubuta jimillar da fam ko dala ko riyal, duk wata ka duba farashi a kasuwar canji ta Wapa ka sake auna inda kake.

Saudiyya ce ta fi jan mutanenmu, kuma a nan aka fi cutar su. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Wanda ya maƙale bayan wa'adinta ba shi da igama, wato takardar izinin zama, kullum a ɓoye yake, in an kama shi a tsare a tuso ƙeyarsa tare da hana shi komawa na shekaru. Bizar aiki ma sai ka ga kwantiragi kafin ka biya ko kwabo: sunan kafili, wato wanda zai ɗauke ka aikin, irin aikin, albashi, masauki, da wanda zai biya tikitin dawowa. Ka sa mai jin Larabci ya karanta maka, domin sau da yawa abin da ejan ya faɗa da baki daban, abin da ke rubuce daban. Ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka biya ta banki, kar ka ba da tsabar kuɗi ba rasidi.

Gida ma na da nasa shafin: yardar iyaye, shawara da uwargida tun kafin a sayi fom, kuɗin cefane na wata 3 zuwa 6 a hannunta, tunda albashin farko a waje yakan tafi a masauki da biyan bashi. Layin wayar da ke haɗe da asusunka kar a bar shi ya mutu. In ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sayar wa wani, saƙon banki ya koma hannun baƙo.

Ɗabi'u kuwa, kar ka jero goma. Biyu sun isa, ɗaya ta kuɗi ɗaya ta lokaci. Ta kuɗi: ranar da albashi ya shigo ka tura abin tari zuwa asusun da ba shi da katin cira. Ta lokaci: buɗe saitin wayarka ka ga awa nawa TikTok da WhatsApp ke ci a yini, ka yanko awa guda ka ɗaura ta bayan sallar Asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, don karatun jarrabawa ko koyon sana'ar. Juma'ar ƙarshe ta kowane wata ka buɗe littafin, ka sake raba ajiya da hidima, ka rubuta sabuwar amsar a ƙarƙashin ta watan jiya, a gefe kuma ranar da kowace takarda za ta ƙare.