Kankare mai ƙarancin siminti a filin tireloli: inda ake yin ɓarna

Domin daɓen sito da filin ajiye tireloli akwai kankaren da ake rage masa siminti, a cike gurbin da tokar kwal ko garin kashin ƙarfe ko tokar ɓuntun shinkafa, don a rage hayaƙin da ƙona siminti ke fitarwa. Yana ɗaukar nauyi sosai, amma ba ya son gaggawa, kuma mafi yawan ɓarnar daga nan take fitowa.

Tun wajen kwaɓi ake fara kuskure. Simintin buhu da ke kasuwarmu galibi an riga an gauraya shi da garin farar ƙasa a masana'anta. In ka sake cire kashi 30 cikin ɗari ka zuba toka, ka rage sau biyu ke nan. A karanta buhu, a ɗauki mai lambar ƙarfi 42.5, a yi kwaɓin gwaji a kai ɗakin awo kafin a zuba ko kwano ɗaya. Tokar ɓuntun da aka kwaso daga juji bayan injin casa kuwa, baƙa ƙirin da gawayi, shan ruwa kawai za ta yi. Sai wadda aka ƙona a zafin digiri 500 zuwa 700, aka niƙe ta lilis.

Sai ƙarin ruwa. Kwaɓi ya yi tauri, lebura ya kamfato bokiti ya antaya don shebur ya yi sauƙi. Kada ruwa ya wuce lita 22 a kan kilo 50 na siminti da toka, har da damshin yashi. In ana son laushi, a sa maganin sassauta kwaɓi.

Babbar asara tana wajen ban ruwa. Wannan kankare yana jinkirin kamawa, iskar hunturu kuma tana tsotse fuskarsa tun yana ɗanye. Ka zuba da hantsi, kafin la'asar ka ga tsaga sirara kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, daga baya tayar tirela ta riƙa tayar da gari. A shimfiɗa leda da zarar an gama shafe, in ya kama a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, kada ya bushe har kwana 10 zuwa 14. Yayyafi safe da yamma ba ban ruwa ba ne. Da bazara kuma a zuba da asuba ko bayan magariba.

Yankan gaɓa ma, wato layukan da ake yanka wa daɓe don tsaga ta bi ta cikinsu, ba a bin agogon da aka saba. A gwada da zarto: in tsakuwa tana ɓallewa a bakin yankan, a dakata. Daɓe mai kaurin santimita 20, a yanka zurfin santimita 5, tazara kamar mita 4 da rabi.

Mai fili zai matsa a buɗe wa motoci bayan mako guda, kayansa na jira. A nuna masa sakamakon awon dunƙulen gwaji, wato samfurin kankaren da aka kai ɗakin awo don a gwada ƙarfinsa. Irin wannan kwaɓi yakan kai kwana 56 kafin ya cika ƙarfin da aka tsara masa.