Yadda za ka zana salsalar sarautar Ingila don gane yaƙin York da Lancaster

Yaƙin basasar da Ingila ta sha daga 1455 zuwa 1487 rigimar gado ce tsakanin zuriyar mutum ɗaya, Sarki Edward na Uku, wanda ya rasu a 1377. Duk wanda ya fara karatunsa daga fagen fama zai rikice tun kafin ya yi nisa, don haka a fara da zanen salsala.

Samo babbar takarda ka ajiye ta a kwance, da biro kala uku. Rubuta Edward na Uku a sama, ka jera 'ya'yansa maza huɗu a ƙarƙashinsa bisa tsarin haihuwa: Edward babban ɗa, Lionel, John na Gaunt mai sarautar Lancaster, sai Edmund mai sarautar York. Akwai wasu 'ya'yan, amma ba ka buƙatarsu. Kada ka sauya wannan jeri, domin a kansa gardamar take.

Layin babban ɗa gajere ne. Ya riga mahaifinsa rasuwa a 1376, ɗansa Richard na Biyu ya gaji kakansa, aka tuɓe shi a 1399, bai bar magaji ba. Wanda ya tuɓe shi ɗan John na Gaunt ne, Henry na Huɗu. Da jan biro rubuta shi, sai Henry na Biyar, sai Henry na Shida, wanda ya hau gadon mulki a 1422 yana jariri ɗan wata tara.

A layin Lionel ne akasari ake yin kuskure. 'Ya mace ya bari, Philippa. Ita ta haifi Roger Mortimer, shi kuma ya haifi Anne. Da biro na biyu ja layi daga Anne ka tsallaka kan gidan Lancaster har gidan Edmund, domin ɗansa ta aura, suka haifi Richard mai sarautar York. Mai zanen da ya bi maza kaɗai zai ga York a ƙarshen jeri, ya rasa hujjarsu. Ta wajen uwa suka kafa da'awa: Lionel yayan John na Gaunt ne. Da wannan hujja majalisa ta amince a 1460 cewa Richard ne zai gaji Henry na Shida. Bai ci moriyar hakan ba, an kashe shi a Wakefield a watan Disamba na shekarar. Ɗansa ne ya ci yaƙin Towton a 1461 a matsayin Edward na Huɗu.

Biro na uku na gidan Beaufort ne, 'ya'yan da John na Gaunt ya haifa da Katherine Swynford kafin ya aure ta. An halatta su a 1397, amma a 1407 Henry na Huɗu ya ƙara sharaɗin cewa ban da gadon sarauta. Bi layin har Margaret Beaufort, mahaifiyar Henry Tudor. Hujjarsa mai rauni ce ƙwarai. Takobi ne ya ba shi sarauta a Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485, inda aka kashe Sarki Richard na Uku, ƙanin Edward na Huɗu. Haɗa Henry Tudor da Elizabeth, 'yar Edward na Huɗu, wadda ya aura a 1486.

Gefen kowane suna ka sa shekarar rasuwa, domin Edward da Richard da Henry sun yi yawa, kuma littattafai kan kira mutum da sunan sarautarsa, kamar a ce Galadima. Mutum uku 'yan gidan Beaufort aka kira Somerset a wannan yaƙi: uba ya mutu a St Albans a 1455, aka sare kan babban ɗansa a 1464, ƙaninsa kuma bayan yaƙin Tewkesbury a 1471.