Babi na Shida: Abin da ke sa hatsi ya yi tsayi

Darasi na 1

Ku sa yatsa a kan layin farko, a hankali, babu mai korar ku. Dawa, gero, masara, shinkafa, alkama, rake. Duk dangin ciyawa ne. Yawancin buhunan da kuke gani jibge a kasuwar Dawanau 'ya'yan ciyawa ne a cikinsu. Ku sake karanta sunayen da ƙarfi. Madalla.

Darasi na 2

A jikin kowace ɗayansu akwai wani sinadari ɗan mitsitsi da ke ba da umarnin girma. Shukar ce take yin sa da kanta. Tana ɗaukar wani maiƙo na jikinta mai suna kamfesterol, ta yi ta sauya shi mataki-mataki har ya zama kastasteron. Shi ne yake sa kara ya miƙe, gaɓa ta yi tsawo, ƙwayar shinkafa ta yi girma. A 1979 ne masana a Amurka suka fara tace irin wannan sinadari daga garin furen wata shuka da ake matse mai daga 'ya'yanta.

Kada sunayen su ba ku tsoro, ba su nake so ku haddace ba. Ga inda ake tuntuɓe: idan na tambaya daga ina sinadarin yake fitowa, sai aji ya amsa "daga taki". A'a. Taki abinci ne, kai kake zuba shi. Sinadarin girma kuwa shuka ce take yin sa a cikin jikinta. Ku ɗauki fensir ku rubuta: Shuka ce take yin sa. Ku sake rubutawa a ƙasa. Hajiya, hannunki ya yi kyau, ƙara ɗaya. Malam, kada ka leƙa na maƙwabcinka, naka muke so ko da ya karkace. Yanzu ku rufe littafi. Wa yake yin sa? Shuka.

Duk da haka gobe wani zai ce mini taki. Haba jama'a! Kuna riƙe lissafin mudu da tiya da ka, amma kalmomi biyar su gagare ku? Rashin bita ne a gida, ba komai ba. Ku ƙara rubuta shi sau biyar: Shuka ce take yin sa.

Darasi na 3

Kowa ya zo da karan masara mai ganye. Ku taɓa daidai inda ganyen ya rabu da kara. Idan sinadarin ya yi yawa, ganye yakan kwanta gefe. Idan ya yi kaɗan, ganye ya tsaya a miƙe, shukar ta gajarce. A Japan akwai gajeriyar sha'ir da ba ta jin umarnin sinadarin sosai, shi ya sa iska ba ta saurin kwantar da ita.

Darasi na 4

Ku duba shinkafa ko masara a kusa da ku. Ganyen a miƙe yake ko a kwance? Ku rubuta amsar a layi ɗaya, ku kawo ranar Asabar.