Motar Haɗi Ta Tsere: Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Kula Da Ita Da Yi Mata Kwaskwarima

Motar haɗi ita ce wadda mutum ya tara kayanta ya ɗaura da kansa: shasi na bututun ƙarfe, bodi na faiba ko alminiyom, inji da giya da aksul da birki kuma a ciro su daga tsohuwar mota. Siffar da aka fi kwaikwayo ita ce ta Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fito da ita a Ingila a 1957, daga baya kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. A can Ford Sierra ko Mazda MX-5 ake yankawa. A Kaduna kuwa abin da hannu ya fi kaiwa shi ne Peugeot 504 da 505, irin waɗanda kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya harhaɗa a Kakuri, ko Marsandi 190, duka masu ja da tayoyin baya. Abin da ya rage sai a nemo a kasuwar Panteka.

Tushen yawancin matsalolin guda ne. Motar da aka yanka nauyinta ya kai kilo 1,200, wadda aka haɗa kuwa da wuya ta wuce 600. Birki da sifirin da iskar taya duk da wancan nauyi aka auna su. Wanda ya mance da wannan zai yi ta canza kaya lafiyayyu, cutar tana nan.

Birki

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ɗora birkin baya yadda aka ciro shi. Bayan motar haɗi ba shi da nauyi, musamman in direba shi kaɗai ne kuma tanki ya yi ƙasa. Da an taka birki da ƙarfi sai tayoyin baya su riga na gaba daskarewa, mota ta juya ta kalli inda ta fito. Ƙa'ida ita ce na gaba su fara kamawa. A gwada a fili marar jama'a, da gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, wani ya tsaya nesa a gefe ya lura da tayar da ta fara ja. In ta baya ce, a saka bawul mai rage matsin man da ke zuwa baya, ko a sauya silindar birkin baya da ƙarama. A maimaita gwajin a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Sai bututun man birki. Wasu kan ɗauko jan ƙarfen da ake haɗa na'urar sanyaya ɗaki da shi, saboda yana lanƙwasuwa da sauƙi. Girgizar hanya tana taurara shi har ya tsage, galibi daidai bakin noti. A yi amfani da bututun birki na ainihi, mai kaurin milimita 4.75, na ƙarfe ko na gamin jan ƙarfe da nikel, a buɗa bakinsa ninki biyu da abin buɗawa, a kama shi da shasi duk bayan santimita 25 zuwa 30. Kada ya taɓa salansa, kada ya goga a kaifin ƙarfe.

Man birki DOT 4 yana shan danshi daga iska. Sabo sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa. Wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga 155, a nan ne feda ke nutsewa ƙasa ba birki. A zubar a sa sabo duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a gauraya shi da DOT 5, wannan na silikon ne.

Zafin inji

Da allurar zafin inji ta fara hawa a watan Maris ko Afrilu, shawarar da aka fi bayarwa a gareji ita ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Wannan rufe ciwo ne. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa, wajen digiri 82 zuwa 90, yana shan mai fiye da kima, fetur ya riƙa wanke jikin silinda yana tsinka baƙin mai, ringi su ci da wuri. A mayar da tamostat a nemi ainihin dalilin, wanda a motar haɗi kusan kullum ɗayan biyu ne.

Na farko, iska ba ta ratsa lagireto. Hancin motar ƙarami ne, kuma in akwai rata tsakanin lagireto da bodi iskar ta gefe za ta zille. A yanko alminiyom mai kaurin milimita 1 a yi mazurari daga bakin hanci zuwa lagireto, a toshe gefuna da soso mai jure zafi. A kuma buɗa wa iskar mafita a bonet ko a gefe. Wadda ta shiga ba ta sami hanyar fita ba tana hana sabuwa shigowa.

Na biyu, iska ta maƙale a cikin ruwa. A irin wannan mota lagireto yakan zauna ƙasa da kan inji, don haka in ta murfinsa ake zuba ruwa, kan injin ba zai taɓa cika ba. Maganin shi ne ƙaramin tankin ruwa a wuri mafi tsayi, kusa da bangon da ya raba inji da direba, da siririn tiyo daga saman inji zuwa tankin. Murfi ya zama mai riƙe matsi kamar ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), wanda ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana tara tsatsa da gasari a cikin bututu, sai a gauraya tataccen ruwa da maganin lagireto, aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Fanka kuma ta bi ta suwicinta na zafi da rilei.

Walda da noti

Shasin wannan salo galibi da bututu mai kusurwa huɗu ake yi, milimita 25, kaurin bango 1.6. Bututun famfo mai rufin zinki bai dace ba: ya yi nauyi, waldarsa ba ta kama da kyau, hayaƙinsa kuma yana cutar da mai walda. Waldar sanda da babbar wuta tana huda siririn bango, sai a yi ta tula ƙarfe a kai, a goge, a shafa fenti. Daga waje sumul, ciki ba haɗi. In akwai MIG, wato walda mai amfani da waya da gas, ita ta fi; in babu, ƙaramar sanda da ƙaramar wuta, a fara gwadawa a guntu a karya shi a gani. Duk bayan wata uku a duba inda hannuwan taya da shokazoba da sitiyari suka kama shasi. Siririn layin tsatsa a jikin walda tsagewa ce ta fara. Kafin walda a motar da aka gama, a cire batir da kwamfutar inji.

Kowane bol na ƙafar mota, sitiyari da birki ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa. Marar lamba a bar shi ga ƙofar gida. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfi: bol 8.8 na M8 (mai kaurin milimita 8) wajen Nm 25 a ma'aunin sifanar, M10 wajen 49, M12 wajen 85. Noti mai roba a ciki sau ɗaya ake amfani da shi, kuma ba a sa shi kusa da salansa. Bol ɗin bushin roba kada a ƙarasa ɗaure shi mota na kan jak; a sauke ta ta zauna a kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Ƙafa, taya da ƙasan inji

Mai faci ya saba da 30 ko 32, kuma haka zai buga in ba a hana shi ba. Mota mai kilo 600 a wannan iska tsakiyar taya kawai take takawa, tana tsalle tana santsi. A fara daga 18 zuwa 20 a ma'aunin nasa, taya na sanyi. Sifirin ɗin motar da aka yanka ma ya yi tauri, a nemi mai laushi. Manyan rim masu siririyar taya suna ƙara nauyi inda ba a so, ramin farko kuma zai lanƙwasa su. Inci 13 zuwa 15 ya wadatar.

In sitiyari yana fizga duk lokacin da taya ta hau tudu, ba alaimen ba ne kaɗai. Tsayin da aka ɗora rak ɗin sitiyari ne bai dace da hannuwan taya ba. A cire sifirin, a ɗaga taya a sauke a hankali, a ga ko tana karkata ciki ko waje, a riƙa gyara tsayin rak da washa har karkatar ta ragu.

Rage tsayin mota don kyau yana kai kaskon baƙin mai ga bakin tudun rage gudu. A bar aƙalla santimita 12, a sa farantin kariya. In an datse kaskon, man da yake ɗauka ya ragu, sai a faɗaɗa shi ta gefe, a sa shinge a ciki don kada mai ya gudu daga bakin famfo a kwana, a kuma sake yi wa sandar awon mai alama.

Firofela a wannan mota daf da ƙugun direba take juyawa. Wadda aka yanke aka haɗa da ido ba abin yarda ba ce: a kai wa mai injin lat, kunnuwan join biyu su fuskanci gefe ɗaya, a daidaita nauyinta, a kewaye ta da zoben ƙarfe da zai tare ta in ta ɓalle. Ta 504 a cikin bututu take, gajarta ta ya fi wuya.

Mai da wuta

Kafireto matsin mai na ba 0.2 zuwa 0.3 yake so, injin injekta kuwa wajen ba 3. Wanda ya koma injekta ya bar tsohon tiyo yana gayyatar gobara. A sa tiyon mai mai lamba R9 da kilif ɗinsa. Wutar lantarki ba ta bi ta jikin faiba, don haka kowace fitila sai an ja mata wayar at, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, zuwa shasi, inji ma da tasa mai kauri. A sa babban fiyus kusa da batir, da zoben roba a duk ramin da waya ta bi, da abin kashe gobara inda hannu zai kai.

Ƙarin ƙarfin inji shi ne aikin ƙarshe, bayan birki da sanyaya da shasi sun tabbata. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake sawa don ƙara tana zuƙar zafin inji, ƙurar hunturu kuma ta cinye ringi. A bar ta cikin akwati mai jawo iska daga waje, a riƙa duba ta kowane mako daga Disamba zuwa Fabrairu. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta a littafi: wane kaya, daga wace mota, wace shekara, wace lamba. Rasit ɗin inji da takardun motar da aka yanka a adana su tare da littafin, za a buƙace su a ofishin VIO kafin motar ta hau titi.