Yadda za ka sa katin girafik ya taya SSD ɗinka gudu, ba tare da ka ƙona kuɗinka a banza ba

Samarin Katsina masu buga gem a kwamfuta da masu haɗa bidiyon biki sun fara jin ana cewa wai yanzu katin girafik, wato GPU, yana iya ƙara ma ma'ajiyar kwamfuta gudu. Maganar gaskiya ce, akwai abun, wani tsari ne na Microsoft mai suna DirectStorage, amma yadda ake yayata shi sai ka ɗauka dole ka sayar da babur ka sayo sabon kati, alhali ba haka bane sam. Bari mu bi shi daki daki.

Da farko ka gane mi ke faruwa a ciki

Fayilolin gem ba a sake suke ajiye ba, a matse suke kamar dilar gwanjo, don kar su cinye wuri. In ka buɗe gem sai a ɗauko su daga disk a kai ma furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi zai kwance ɗaurin sannan ya miƙa ma katin girafik ya zana maka hoton. To furosesa ma'aikata shidda ko takwas gare shi, shi kuwa kati irin RTX 3060 na kamfanin Nvidia yana da ƙananan ma'aikata 3,584, kowanne ba wani ƙarfi gare shi ba amma suna aiki lokaci guda. Da can da had disk mai juyawa ake amfani ba wanda ya damu, saboda kayan a hankali suke isowa, furosesa na gamawa yana jira. Da SSD, wato ma'ajiyar da ba abun da ke juyawa a cikinta, musamman irin mai saurin nan da ake ce ma NVMe, ya zo yana kwararo kaya sai ya zama furosesa ne ke riƙe layi. Shi ne aka ce to a wuce da dilar a ɗaure, kati ya kwance abinshi da kanshi.

Microsoft sun fara wannan tsarin a na'urorinsu na gem Xbox Series X da S a 2020, suka kawo shi kwamfuta a Maris 2022, sai a Nuwamban shekarar suka fitar da 1.1 wanda shi ne ya ba kati damar kwance fayil, da wani salon matsewa mai suna GDeflate da Nvidia suka ƙirƙira. Su Nvidia nasu ɓangaren RTX IO suke ce mashi, amma katin AMD da na Intel ma suna yi, kar wani mai shago ya ce maka sai RTX.

Mataki na ɗaya: duba abun da kake da shi kafin ka taɓa aljihu

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka danna Disk, zai nuna maka HDD ne, wato had disk mai juyawa, ko SSD, da sunan disk ɗin. Kwafi sunan ka bincika a intanet ka ga SATA ne, wato tsohon salon haɗa disk, ko NVMe. Sai ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta dxdiag, nan za ka ga sunan katinka. Abun da ake buƙata shi ne kati mai ɗaukar DirectX 12 da Shader Model 6.0, wato tsarin da gem ke magana da kati a Windows, kuma yawancin katunan 'yan shekarun nan duk suna da shi. In Windows 11 gare ka abun ya fi sauƙi, danna Windows da G, Game Bar zai fito, shiga saitin ka nemi Gaming features, zai gaya maka ƙarara ko katinka da disk ɗinka sun dace. Windows 10 ma yana yi, sai dai 11 ya fi dacewa da shi, ga shi kuma Microsoft sun daina kula da 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Mataki na biyu, kuma nan ne nake son ka tsaya ka yi lissafi

Had disk mai juyawa yana karanta kamar megabait 150 a daƙiƙa. SSD na SATA yana kai 550. NVMe na PCIe 3.0, wato zubin hanyar da yake bi ya haɗu da kwamfuta, yana kai 3,500, na 4.0 kuma wajen 7,000. Yanzu ka ɗauka gem zai loda gigabait 5. A takarda had disk zai ci daƙiƙa 33, SATA ya ci 9, NVMe na 3.0 ɗaya da rabi, na 4.0 bai ma cika daƙiƙa ɗaya ba. Ka ga abun? Daga had disk zuwa SATA ka ceci daƙiƙa 24, daga SATA zuwa NVMe ka ceci bakwai da wani abu, daga nan kuwa duk kuɗin da ka ƙara ƙasa da daƙiƙa ɗaya kake saye, kuma shi ne ya fi tsada. A zahiri ma bambancin bai kai na takarda ba saboda gem yana wasu ayyukan lokacin lodi ba karatun disk kaɗai ba.

Don haka in har yanzu had disk gare ka, wallahi ka manta da zancen kati, ka sayi SSD ko da na SATA ne, a ranar za ka ji kamar an canza maka kwamfuta, har buɗe Word da burauza. Wannan ni ban sa shi cikin kayan marmari ba, ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua mai rubuta furojet da mai shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura duk yana masu amfani.

Mataki na ukku: sayen NVMe da saka shi

Kafin ka saya ka tabbatar madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, ko laftof ɗinka na da ramin M.2, inda ake zura shi, kuma ka kula, ba kowane ramin M.2 ke ɗaukar NVMe ba, wasu tsofaffin laftof SATA kawai suke karɓa duk da ramin ya yi kama. Nemi littafin na'urarka a intanet da lambar samfurinta. Girman da aka fi samu shi ne wanda ake ce ma 2280. In ramin naka 3.0 ne, ka saka mashi na 4.0 zai yi aiki amma da gudun 3.0, kenan ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba.

In na hannu za ka saya, ko nan cikin gari ko ka aika Kano, ka roƙi mai shagon a gwada a gabanka. CrystalDiskInfo manhaja ce ta kyauta, tana nuna lafiyar disk da awa nawa ya yi yana aiki, CrystalDiskMark kuma ta auna gudunshi. Mai kaya na ƙwarai ba zai ƙi ba.

Sakawa ba wuya. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta, in laftof ce cire haɗin batir, taɓa wani ƙarfe tukuna don wutar jikinka ta sauka musamman lokacin hunturu, zura NVMe ɗin a karkace, danna shi ya kwanta ka ɗaure ɗan sukurun. In ka kunna ka buɗe Disk Management ka zaɓi GPT ka yi mashi fomat da NTFS. In hannunka na rawa kai ma mai gyara, kuɗin aikin bai kai asarar madabod ba.

Mataki na huɗu

Sabunta direban katinka, wato manhajar da ke sarrafa shi, daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, sannan ka maida gem ɗin kan NVMe, a Steam, manhajar sauke gem, cikin saitin Storage ake yi ba sai ka sake saukewa ka ƙona data ba. Kar ka cika disk ɗin maƙil, bar mashi ɗan fili. Shi kenan fa. Babu wani maɓalli da ake kunna DirectStorage, masu gem ɗin ne ke gina shi a ciki.

Kuma wannan ita ce maganar da masu talla ba su cika faɗi ba, gem ɗin da ke amfani da shi ba su da yawa. Forspoken ne ya fara zuwa da DirectStorage a Janairun 2023, sai Ratchet & Clank: Rift Apart a Yulin 2023 ya zo da kwancewa ta kati. In gem ɗinka ba a gina shi da tsarin ba, ko wane kati ka saka ba zai canza lodinshi ta wannan hanyar ba. Sannan kati ɗaya ne ke zana hoto kuma shi ke kwance fayil, in ƙarami ne aikin na iya yi mashi yawa hoton ya ɗan riƙa sarƙewa. Masu haɗa bidiyo kuma ku sani wannan tsarin don gem aka yi shi, ku abun da zai taimake ku shi ne NVMe da ƙarin RAM, wato memori. Akwai wani daban, GPUDirect Storage, shi na manyan cibiyoyin bayanai ne masu horar da AI, ba na ɗakinka bane.

Mataki na biyar: in har yanzu ranka na son sabon kati

Ni ban ga laifin mutum ya sayi abun da zai ji daɗi ba, mai kiwon tattabaru da mai son doki ma haka suke kashewa, kuma kuɗin sha'awar nan su ke ciyar da masu shaguna da masu gyara. Abun da ke ci min rai shi ne yaro ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin makaranta yana gaya ma kanshi wai buƙata ce. Kira shi da sunanshi, sha'awa ce, sai ka biya shi da rarar kuɗi bayan hatsi da haya da magani da abun da kake miƙa ma su Baba.

Kayan nan da dala ake sayo su. RTX 4060 ya fito a 2023 kan dala 299, RTX 4090 kuwa dala 1,599 a 2022. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024, shekarar da aka maida mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A wannan canjin ƙaramin katin ma ya fi albashin wata shidda, tun kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa.

Kuma saye ba shi ne ƙarshen kashewa ba. 4060 na jan wat 115, 3060 na jan 170, 4090 har 450, wataƙila sai ka canza akwatin wutar kwamfutar ma. Ka ce duka na'urar na jan wat 300 kana awa biyar kullum, yunit 45 kenan a wata, a farashin naira 225 da aka sanar ma 'yan Band A a Afrilun 2024 ya haura dubu goma, in da janareta ne kuwa ka san kuɗin fetur tun bayan cire tallafi. Ga zafin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, dole ka riƙa buɗewa kana hurewa, kuma ka tanadi UPS saboda ɗauke wuta ana cikin rubutu a disk na iya lalata fayil.

In na hannu za ka ɗauka ka yi hattara, tun da aka daina haƙo kuɗin kirifto na Ethereum da kati a Satumban 2022 katunan da suka kwana suka wuni suna aiki suka cika kasuwa. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ka tabbatar sunan da ke jikin kwali shi ne a ciki, ka sa gem mai nauyi ya yi kamar rabin awa a gabanka kana kallon zafinshi da ƙarar fanka, kuma ku yi magana da mai shagon a kan kwana nawa za ka iya maido shi in ya ba da matsala, a rubuta a rasit kafin ka tura kuɗi.